Shekarar da Aka Rufe Rijiyar Alhaji Babba

Ummi, yanzu ba ki iya karatu ba, amma za ki iya, kuma kafin ki iya za ki riga ki ji maganar nan a bakin wata. A unguwarmu ta Birik ba a ajiye magana a ɗaki, shanya ta ake yi a igiya kamar wanki. Wata rana za a aike ki sayen mai ko karɓo ɗinki, wata tsohuwa ta dube ki sama da ƙasa ta ce, au, 'yar wadda ta zauna a kan rijiyar kakanta ce. Gaskiya ne, na zauna. Abin da ba za ta gaya miki ba shi ne dalili, da abin da ni da Baba muka gani da idanunmu, wanda har yau in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. An ce sai mutum ya yi furfura yake rubuta labarinsa. Ni ba ni da haƙurin jiran furfura, masu ba da labarin a karkace ma ba su jira ba.

Rijiyar tana tsakar gidanmu, daf da ƙofar zaure, a wurin da kike gani yanzu da murfin ƙarfe. Kakana Alhaji Babba ne ya haƙa ta tun Baba yana yaro, lokacin da bayan gidan ba kowa sai ayaba da ciyawa. Ban san shi ba, ina goye ya rasu. Amma ya faɗa da bakinsa a gaban mutane cewa wannan rijiya ba ta gidansa ba ce, sadaka ce mai gudana, ta duk mai jin ƙishi ce, Musulmi ne ko Kirista, ɗan unguwa ne ko baƙo. A kan haka muka tashi. Ƙarar guga ce ke tashinmu da safe kafin kiran salla ya gama shiga kunne. Matar Alhaji, kakata Iya, wadda aka sa mini sunanta, takan zauna a bakin ɗakinta da carbi tana kallon masu ɗiba, ba ta cika magana ba, sai in wani ya zubar da ruwa a banza.

"Duk gugan da ya fito, sanyinsa a kabarinsa yake sauka," haka take cewa. "Ku ɗiba, amma kada ku ɓarnatar masa."

Baba mai sayar da atamfa da yadi ne, ba malami ba, amma yadda yake kula da rijiyar nan ko liman bai kula da masallaci haka ba. Duk Juma'a shi da kansa yake wanke bakinta. Yakan bi igiyar da yatsunsa yana laluben inda ta fara ci. In famfon gwamnati ya ɗauke, kuma kin san halinsa, ɗaukewarsa ta fi zuwansa yawa, layin bidon, wato jarkokin ruwa, yakan fita ta zaure har bakin titi, Baba kuwa ya wuce ta cikinsu zuwa shago yana amsa gaisuwa, fuskarsa kamar ta wanda aka yi wa albishir. Abin da ubansa ya bar masa ke nan da ya fi shagon daraja a wurinsa.

Shekarar da nake ba ki labari na gama jarrabawar probatoire a lise, wato sakandare, ina zaman jiran sakamako, ina cika wa kowa kunne a gida. Damina ta sauka da ƙarfi, irin ruwan da ke kwaso dattin tudu duka ya juye mana a kwata. Sai aka fara jin amai da gudawa, da fari daga wajen unguwar Nkomkana, sannan a ce wata mai sayar da kifi a kasuwar Mokolo ta faɗi, sannan sai ga cutar a layinmu. A rediyo da Faransanci suna cewa kwalara ce, a dafa ruwa, a wanke hannu. Famfo kuwa ya zaɓi wannan lokaci ya ɗauke ɗif. Baba ya yi abin da ubansa zai yi. Ya ce sadaka maganin masifa, ya cire sakatar zaure gaba ɗaya ya ajiye a ƙarƙashin gado, ya sayo sabon guga na biyu, ya sa aka faɗa a masallaci cewa duk mai bukatar ruwa ya zo ko daga ina yake. Iya ta sa aka daka gero aka yi gumba, aka dama da ruwan rijiya mai sanyi, aka tara yaran unguwa ana zuba musu a kofuna don Allah ya kawar da annoba. Ni na riƙe ludayin. Ba wanda ya ga aibu a ciki. Ruwan garau yake, kina hango ƙasan bokiti.

Inna ce ta fara faɗuwa a gidanmu. Da safe tana shara ta ce cikinta yana juyawa, kafin hantsi ta kasa tsayuwa. Abin da ke fita daga jikinta fari ne kamar ruwan wankin shinkafa, kuma ba ya tsayawa. Ina kallo uwata ta tsufa a gabana. Idanunta suka koma ciki, kumatunta suka lotsa, yatsunta suka yamutse kamar ta wuni a wanki, muryarta ta zama wani siririn abu da ban sani ba. Baba yana shago, Iya tana cewa a jiƙa kanwa, ni kuwa na fita ba ko mayafi na tsayar da mai babur, muka sa Inna a tsakiya na rungume ta ta baya, kanta yana lilo a kafaɗata.

An kafa rumfar tamfol a harabar asibiti don masu cutar kaɗai. A ƙofa sai kin taka ruwan javel mai kashe ƙwayoyin cuta, a fesa miki a hannu. Gadajen da huji a tsakiya, da bokiti a ƙarƙashi. Wata nas ta tsinki fatar cikin Inna ta saki, fatar ta tsaya a tsaye kamar an naɗe takarda. Ta nemi jijiya a hannu ba ta samu ba, ta nema a ɗayan, da ta samu sai ta rataya ledar ƙarin ruwa ta kama ta da hannu biyu tana matsawa. Na tsaya ina karanta duk addu'ar da na iya, don ni a raina gawa nake kallo. Leda ta ƙare aka sa wata. To, Ummi, abin da na gani bayan nan ban taɓa ganin irinsa ba. Kin san yadda ganyen alayyafo yake yi in ya kwanta a rana aka yayyafa masa ruwa? Haka fuskar Inna ta riƙa tasowa a hankali. Idanun suka dawo mazauninsu. Leɓen ya yi laushi. Kafin la'asar ta buɗe ido ta dube ni, ta dubi kaina, da muryarta ta gaske ta ce:

"Haka kika fito titi ba ɗankwali?"

Na fashe da kuka da dariya a haɗe. Na kama nas ɗin na tambaye ta wane irin magani ne a cikin ledar nan. Ta ce ba wani magani, ruwa ne mai tsabta da gishiri iri-iri, abin da cutar ta kwashe shi ake mayarwa, in aka riga ta sauri mutum ya tashi. Na daɗe ina kallon ledar tana ɗiga. Ruwa da gishiri. Abin da ke kowane madafi. Wani ya zauna ya auna daidai gwargwadon da jinin ɗan Adam ke so, kuma da wannan aka ƙwato mini uwata.

A rumfar nan Madam Odil ta gan ni. Gajeriyar mace ce mai takalmin roba har gwiwa, 'yar kudu, ba ta jin Hausa ko Fulatanci, aikinta bin sawun cutar, daga ina ta fito, ina ta nufa. Ta ji ina fassara wa nas maganar tsofaffin da ba su jin Faransanci, ina kuma yi musu faɗa su shanye ruwan gishiri da sukarin da aka ba su. Ta ce tana neman mai irin bakina. Maza ba sa shiga cikin gidajenmu, matan kuma in sun ga farar riga sai su ce kowa lafiya. Na ce mu je.

Gida-gida muka bi, duk inda aka fitar da marar lafiya. Masu feshi suna feshi, ita tana tambaya, ni ina juyawa. Me aka ci, wa ya je jana'iza, wa ya yi jinya, sannan tambayar ƙarshe, ina kuke ɗiban ruwan sha. A gidan farko matar ta yi murmushi ta ce ai a gidanku, Allah ya ji ƙan Alhaji Babba. Ban ji komai ba, rabin unguwa a gidanmu suke ɗiba. A gida na gaba aka ce a gidanku. Na gaba ma haka. Muka shiga wani gida da ba wanda ya kwanta, maƙwabtan masu cutar ne katanga ɗaya, suka ce su ruwan leda suke saye, sun ji kunyar faɗa a gabana har suna ba ni haƙuri. A nan na fara gane cewa masu cutar duk a gidanmu suke ɗiba. Madam ba ta san komai ba tukuna, don ni ina ce mata rijiya kawai, unguwar kuma cike take da rijiyoyi.

Sai muka zo gidan Malam Buba, wani mutumin Garwa mai ɗinkin hula. 'Yarsu Aisatu, wadda ba ta isa shiga makaranta ba, ta rasu a hanyar asibiti kwana kaɗan kafin nan. Na san yarinyar. Tana cikin waɗanda suka miƙo mini kofi ranar gumba. Uwarta Adda Jainabu tana zaune a tabarma, ta kama hannuna da hannu biyu, da Hausarta mai gardin Fulatanci ta ce:

"Ki gaida Baba. Da ba don shi ba, da ruwan wanke ta ma ba mu samu ba. Allah ya biya shi."

Madam tana jira, biro a hannu. Ina iya cewa rijiya, kamar yadda na yi ta faɗa tun safe, mu wuce. Ba wanda zai kama ni, ni kaɗai ce mai jin harsunan biyu a ɗakin. Ba zan ce miki na yi dogon tunani ba, ban iya shi ba. Na juya na gaya mata da Faransanci cewa duk gidajen da muka shiga rijiya ɗaya suke nufi.

"Tana ina?"

"A gidanmu."

Ta dube ni, ta rufe biron. Muka fito.

Baba ya karɓe ta a zaure da mutunci, ya sa aka shimfiɗa darduma. Faransancinsa na kasuwa ne, lissafi da ciniki, don haka ni ce a tsakiya. Ta ce tana so ta ɗebi ruwan ta gwada, kuma a dakatar da ɗiba har sakamako ya fito. Na faɗa masa yadda ta faɗa, ban rage ba. Ya tashi ya zura guga da kansa, ya cika moɗa, ya ɗaga ta a hasken rana don ta gani, ya yi bisimilla ya shanye tas.

"Gaya mata tun ina yaro nake shan wannan. Gaya mata ta ɗebi duk abin da take so, ruwan na kowa ne, har da ita. Amma ban da ikon rufewa. Ba tawa ba ce."

"Baba, Aisatu ta mutu. Inna saura kaɗan."

"Ban tambaye ki ba. Ki faɗi abin da na ce."

Na faɗa. Madam ta cika kwalabenta ta rufe. A ƙofa ta gaya mini cewa tana iya dawowa da mai unguwa da jandarma, amma rijiyar da aka rufe da ƙarfi ana buɗe ta da zarar mota ta juya, ta sha gani. Gwajin kuma ba ya gaggawa, sai an ba abin da ke cikin ruwan abinci ya kwana ya yi yawa kafin a gan shi. Ta bar mana ƙwayoyin da ake jefawa a bidon, ta ce za a kawo tankin ruwa bakin masallaci. Da ta tafi Baba ya juyo gare ni. Saboda sunan uwarsa da nake ɗauke da shi bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Ran nan ya ce:

"Ke. Makarantar da na sa ki, abin da ta koya miki ke nan? Ki jawo baƙi su ce ubana yana kashe mutane?"

A lokacin wata mata ta shigo da bidon biyu da yaro a baya. Na dubi yaron. Na ja tsohon murfin katakon da ake ajiyewa a gefe, na kifa shi a bakin rijiyar, na hau na zauna, na naɗe ƙafafuna. Matar ta tsaya. Na ce mata ta je bakin masallaci tanki yana zuwa, in ba ta iya jira ta sayi na leda, ruwan nan ba a sha. Ta dubi Baba. Baba ba zai iya jan budurwar 'yarsa a gaban mutane ba, na san haka, shi ya sa na zauna. Ya matso kusa, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji.

"Kin san a kan me kike zaune? A kan kabarin ubana kike zaune."

Ya sa takalmi ya fita.

Ban san bakin mutane yana da kaifi haka ba sai da na zauna a wurin. Wata ta ce boko ya hau mini kai. Wata ta ce ai dama 'yan lise ba su da kunya. Wani dattijo ya tsaya ya yi mini wa'azi a kan mai hana ruwa da abin da zai tarar ranar gobe, na bar shi ya gama na ce Allah ya saka, tanki yana bakin masallaci. Wasu sun juya da zagi, wasu sun tsaya sun tambaye ni a hankali ko da gaske ne, waɗannan su ne masu yara ƙanana. Salla kaɗai ke tayar da ni, ita ma a gefen murfin nake yi. Baba yana shiga yana fita kamar ba ni a gidan. Iya ba ta ce mini tashi ba, ba ta ce zauna ba. Da rana ta yi zafi dai sai na ga ta turo mini kwanon tuwo da sandarta, da ruwan da aka dafa a buta.

"Ci, mai bakin reza. Mai gadi ba ya gadi da yunwa."

Ranar da Madam ta dawo ba ta zo da jandarma ba, taksi ta zo da shi. Ta ce a gaya wa Alhaji ba za ta faɗa masa sakamako ba, tana so ya zo ya duba da kansa, tunda shi ya nuna mata ruwansa a rana. Ina jin wannan ne ya kama shi. Ya shiga ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Sai aka tsaya, don ba mai fassara sai ni, ni kuma na ce ba inda za ni in bar rijiya a buɗe. Muna cikin haka Iya ta taso da sandarta, ta zo ta dafa kafaɗata.

"Matsa, takwara. Ƙafafuna sun gaji, nan zan huta."

Ta zauna a kan murfin ta ci gaba da jan carbinta. Baba ya nufi taksi. Muka tafi.

A ƙofar ɗakin gwajin aka ce babbar riga ba ta shiga, hannunta zai share kwalabe. Ban taɓa ganin Baba a waje ba tare da babbar riga ba. Ya cire ya ninke, aka sa masa wata shuɗiyar riga ta takarda mai ɗauri a baya, da safar hannu, ya tsaya kamar yaron da aka kai aski. Madam ta fara nuna mana wani ɗan faranti mai murfi, cikinsa wani abu kore da ya daskare, a kansa ɗige-ɗige rawaya kamar an yayyafa gero. Ta ce daga ruwanmu suka tsiro, kowane ɗigo gari ne guda, daga ƙwaya ɗaya ya fara. Baba ya ce wannan ai fumfuna ce, ko tuwo ya kwana yana yi. Ba ta yi musu ba. Ta ɗauki ɗigo ɗaya daga wata kwalba ta sa a gilashi, ta tura ƙarƙashin mikroskop, na'urar ganin ƙananan halittu, ta daidaita, ta ce in fara dubawa.

A lise mun zana ƙwayoyin cuta a littafi, na ci maki a kansu, amma a raina zane ne kawai, kamar taswirar ƙasar da ba za ki taɓa zuwa ba. Na sa ido. Da fari duhu. Sai duhun ya cika da haske ƙanana, ba iyaka, kowanne yana gudu. Kin ga yadda tartsatsi ke tashi a murhun masu tsire in kitse ya ɗiga a garwashi? Haka, sai dai waɗannan ba sa mutuwa, suna harbawa nan, su juya, su harba can, su yi karo, su wuce. Rai ne da su. Ɗigon da bai kai hawaye ɗaya ba, ga jama'a a cikinsa ta fi ta Mokolo ranar jajibirin salla, kowa da inda ya nufa, ba wanda ya san da ni, ba wanda ya san da Aisatu. Na manta da fushina, na manta da inda nake. Sai da Madam ta taɓa ni na ɗago.

Baba ya sunkuya. Bai iya rufe ido ɗaya ba, ya sa tafin hannu ya rufe. Ya daɗe har na fara jin nauyin Madam. Ina kallon wuyansa, maƙogwaronsa yana hawa yana sauka. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, a hankali kamar mai tsoron kada su ji:

"Subhanallahi. Tambaye ta, suna da baki?"

Ta ce ba irin namu ba, da jikinsu duka suke sha.

"Suna barci?"

Ta yi dariya ta ce ba ta taɓa kama su suna yi ba.

"To ni da na sha a gabanta, me ya sa ina tsaye?"

Ta ce ba duk wanda ya sha ke kwanciya ba. Wani sukan bi ta cikinsa su fita bai sani ba, wani kuma, musamman ƙaramin yaro ko wanda jikinsa ya raunana, su kwashe ruwan jikinsa cikin wuni ɗaya. Sannan ta ce ya ci gaba da kallo, ta kawo wani ɗan tsinke ta taɓa gefen gilashin da ruwan javel. Na ga kafaɗun Baba sun motsa.

"Sun tsaya," ya ce. "Duka. Kamar an yi musu tsawa."

Ya miƙe. Idon da ya yi kallo da shi ya yi ja. Na zaci zai ce a zuba javel a rijiya a wuce wurin, kuma ya faɗa, Madam ta ce za a zuba, amma ba zai daɗe ba, don ba daga sama suke shiga ba. Gidajen da aka gina a bayanmu sun haƙa masai kusa da katanga, a tudu, in ruwan sama ya cika ƙasa sai ya tsatso ya gangaro ta ƙarƙashi. Yau a kashe, gobe wasu su iso. Sannan Baba ya yi tambayar da na gane ita ce ta kawo shi tun daga gida.

"Tambaye ta. Lokacin da ubana ya haƙa, suna ciki?"

Na juya mata, na ƙara da cewa a lokacin bayan gidan ayaba ce kawai. Ta dube shi ido cikin ido, ta amsa da kalma ɗaya da bai bukaci fassarata ba. Ta ce a'a. Sannan ta ce rijiyar da ta shayar da unguwa tsawon wannan zamani ba tare da an rasa kowa ba, mai haƙa ta ya san inda ya haƙa. Gari ne ya zo ya same ta.

A taksi rigar tana ninke a cinyarsa, ya manta bai mayar ba. Da muka iso layinmu bai nufi gida ba, ya ce in biyo shi. Ya yi sallama a ƙofar Malam Buba. Mutumin ya fito da allura a hannu. Baba bai zauna ba, bai yi doguwar gaisuwa ba, ya ce masa ruwan da Aisatu ta sha daga gidansa ya fito, cutar tana ciki, ya gani da idonsa, kuma shi ya kira mutane su zo su ɗiba. Malam Buba ya daɗe yana kallon allurar. Ya ce Allah ya riga ya rubuta. Ya koma ciki ya saki labule. Daga cikin ɗakin na ji wani sauti daga Adda Jainabu wanda ba zan kwatanta miki ba. Kafin damina ta fita sun tashi sun koma unguwar Elig-Edzoa, kuma har yau in mun haɗu a biki takan amsa gaisuwata ne tana kallon wani wuri. Ban ga laifinta ba.

Mun tarar da Iya inda muka bar ta, wasu mata uku suna tsaye nesa da bidon, ba wadda ta iya ce wa matar Alhaji Babba ta tashi. Ta ɗaga kai ta dubi ɗanta ba babbar riga.

"Ka gan su?"

"Na gan su, Iya."

"Yaya suke?"

Baba mai iya kwatanta yadi ne har makaho ya saya, amma ya tsaya yana juya hannu, ya rasa ta inda zai fara.

"Iya, halitta ce. A cikin ɗigo ɗaya. Ba su da iyaka, kuma ba wanda yake tsaye a cikinsu. Duk shekarun nan ina wanke bakin rijiya, ashe akwai abin da Allah ya yi da ban da labarinsa."

Iya ta ja carbi ɗaya, biyu. Ta ce to, Allah ya fi mu sanin abin da ya halitta. Ta miƙo hannu ya tashe ta. Baba ya aika a kira mai walda ya yi wa rijiyar murfin ƙarfe. Ni na matso zan koma wurina, ya ɗaga mini hannu. Ya tattare wandonsa, ya zauna a kan murfin da kansa, ya ɗora ninkakkiyar rigar a gwiwa. Ɗaya daga cikin matan, ganin mai gida ne yanzu, ta matso da bidonta tana murmushi, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce Alhaji ko guga ɗaya ne, na yara.

Baba ya amsa gaisuwar har ƙarshe, ya tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Sannan ya ce:

"Saboda su ne ba zan ba ki ba. Tashi mu je bakin masallaci, ni zan ɗaukar miki bidon ɗin. Iya, a dafa mini nan kafin in dawo."